Gyaran bututun ruwan datti a gida

Sana'ata gyaran famfo ce da shimfiɗa bututu. Ina da ɗan shago a Kano, da yara masu koyon aiki a hannuna. Da damina ta kankama, kiran da ya fi yawa na bututun ruwan datti ne: gindin katanga ya jiƙe, tsakar gida tana wari, ko ruwan wanka ya tsaya a banɗaki ya ƙi wucewa. Mafi yawan wannan aikin maigida zai iya yinsa da hannunsa a wuni guda, kuma nakan faɗa wa mutane haka, don kuɗin da za su ba ni gara su ƙara su sayi bututu mai kauri.

Abin da ke fasa bututu a gidajenmu sananne ne. An binne shi sama-sama, ƙasar da ke kansa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, sai a kafa turmi a daidai wurin ana daka kullum, ko a riƙa ajiye mota a kai. Wanda aka bari a fili kuwa rana ce ke cin sa, robar ta bushe, da an ɗan buge ta sai ta dare. Ga kuma saiwar darbejiya, mai bin danshi har ta kutsa ta mahaɗar da gam bai kama ba, ta cika bututun tam.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne faci. Sai ka haƙa ka tarar an naɗe tsagar da robar tayar babur, an ɗaure da leda, an lafta siminti a kai. Siminti ba ya kama robar bututu. Ruwan zai ci gaba da tsatsafowa ta ƙarƙashi yana cin tushen gini, in kuma akwai rijiya a kusa, ƙazantar can za ta gangara, yara su sha.

Gyaran gaskiya shi ne a yanke wurin da ya lalace a jefar. A hana kowa zuba ruwa tukuna, a sa safar hannu, a haƙa a hankali har bututun ya bayyana, da rarar kamu ɗaya ta kowane gefe, a kuma rarake ƙarƙashinsa yadda zarto zai samu wurin wucewa. A yanka a miƙe, a wuce ƙarshen tsagar da kaɗan, don tsaga takan yi nisa fiye da yadda ido ke gani. Guntun da aka cire a tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ko shagon unguwa, a gwada. Na masai yawanci inci 4 ne, na wanka da wanke-wanke inci 2. A haɗo da soket biyu, wato gajerun mahaɗan da bakin bututu ke shiga ta kowane gefe, da gwangwanin gam.

A nan ne aikin yake. Bakuna biyu na tsohon bututun suna kafe a ƙasa, ba sa motsi, don haka sabon guntun ba zai shiga ta daɗi ba. Mu mukan goge ɗan tudun da ke tsakiyar soket ɗaya da fayil, a zura shi gaba ɗaya a kan tsohon bututun, a haɗa ɗaya gefen, sannan a shafa gam a jawo shi ya hau mahaɗar. Kafin a jawo, a yi alama da biro don ya tsaya rabi nan rabi can. Wasu suna ƙona kwali su gasa bakin bututu ya buɗe. Ni ba na yi, don robar takan yi shara-shara a wurin, nan za ta sake fashewa. Gam kuma ba ya son laima ko ƙura. A goge bakin da samfefa, a share da busasshen tsumma, a shafa ciki da waje, a tura nan take a riƙe kamar rabin minti, saboda yana kamawa da sauri.

Kada a manta da gangare. A bututu mai inci 4 muna ba da kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita. In sabon guntun ya lotsa a tsakiya, nan maiƙo da yashin wankin tukunya za su taru. Shi ya sa ake shimfiɗa masa yashi mai laushi a ƙasa, ba ɓaraguzan bulo ba. A bar gam ya sha iska na wasu awoyi, a kwarara bokiti biyu ana kallon mahaɗar, in babu ɗigo sai a rufe da yashi, sannan ƙasa.

Inda nake roƙon mutane su dakata shi ne bakin sokawe. In bututun ya karye a inda ya shiga ramin, ko murfin ya tsage, kada wanda ya leƙa da kansa ciki, balle ya sauka. Iskar da ke taruwa a ramin tana sumar da mutum kafin ya yi ihu, kuma wanda ya bi shi don ceto shi ma yakan faɗi. Wannan a kira masu kwashe shadda su zuƙe ramin tukuna, sannan mai gyara ya yi aikinsa daga waje.