Na bi diddigin sunayen 'yan gidanmu

Kwanakin baya na ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa ni, na samu littafi na rubuta sunan kowa a danginmu tun daga kakanni har jikoki, sannan na dinga bin tsofaffi ina tambaya me ya sa ake kiran wane kaza. Goggona ce ta fi taimaka min, ita kam ba ta mantuwa ko kaɗan.

Abin da na fara ganewa shi ne kusan kowa a cikin manyanmu suna biyu gare shi, na yanka wanda liman ya raɗa, da kuma wanda gida ke kira, kuma na gidan nan shi ne ke ɗauke da labari. Kawu Tanko mata ne suka riga shi zuwa, Gambo kuwa shi ya biyo bayan tagwaye. Da muka zo kan wata kakarmu da ake ce wa Ajuji sai goggo ta yi shiru ta gyara ɗankwali, ta ce uwarta wabi ta yi ta yi, duk ɗan da ta haifa ba ya zama, shi ne da aka haifi wannan aka kai ta kan juji aka ɗan ajiye ta kamar ba a so, wai ko mutuwa ta raina ta ta ƙyale ta. Wallahi tun ina yaro nake jin sunan nan amma sai ranar na ji nauyinsa.

Daga nan na fara tambayar wasu ƙabilu, wani Bayarabe da muke kasuwa tare ya ce ai su ma haka ne, Idowu shi ne Gambonsu, sannan ɗan wabi suna sa masa Malomo wato kar ka sake tafiya, ko Kokumo. Mutanen Akan na Ghana kuma sunan rana suke yi kamar mu, Kofi ɗan Juma'a, Kwame ɗan Asabar. Kenan Kofi Annan da aka haifa ranar Juma'a a 1938 a wajenmu Ɗanjuma ne, kuma ɗan tagwaye ne shi ya sa akwai Atta a sunansa.

Sunayen addini kuwa yawo suka yi sosai, Muhammadu mu mun ce Mamman, a Mali da Senegal Mamadou, Turkawa Mehmet. Yusuf asalinsa daga Ibrananci ne, shi ne Joseph, shi ne José a Sifaniya, Giuseppe a Italiya. Mu kuma kunya ta ƙara mana wasu, in an sa wa yaro sunan kaka ba dama uwa ta kama sunan surukinta, sai a koma Garba ko Abba, Usman ya zama Shehu saboda Shehu Ɗanfodiyo, A'isha ta zama Indo.

Wanda zai yi irin wannan aikin, don Allah kar ya dogara da jerin ma'anonin da ke yawo a intanet, na ga suna ɗaya an ba shi fassara kala kala masu karo da juna, na Larabci malami za ka kai wa ya duba ƙamus. Kuma kar ka tambayi tsohuwa sunan ɗanta na fari ko na mijinta kai tsaye, ba za ta faɗa ba, murmushi kawai za ta yi, ka nemi kishiyarta ko ƙanwar mijin ita za ta gaya maka har da wanda aka yi wa takwara.