Ɗan jan maɓallin da ya cinye min kwasar adashi

Har yau idan na ji warin ƙonanniyar roba, ko da a bola ake ƙona ta, sai gabana ya faɗi. Wannan warin ne ya cika ɗakina a Hayin Dogo da ke Zariya wata ranar Asabar a watan Disambar 2023, bayan sallar isha'i, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu da danna maɓallin soket.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da gyaran hotuna. Shekara uku ina fama da wata tsohuwar laftof wadda idan na ɗora mata bidiyon kamu na awa ɗaya sai ta yi ta huci kamar injin markaɗe, in je Samaru in ci abinci in dawo ba ta kai rabi ba. Na shiga adashi wata takwas, ranar da na kwasa na yanke shawarar ba zan sayi haɗaɗɗiya ba, da hannuna zan haɗa kwamfutar tebur, in san kowane abu da ke cikinta.

Kayan ciki ban yi wasa da su ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600G na ɗauka, wadda AMD ta fitar a 2021, domin tana da nata girafiks, ɓangaren da ke fitar da hoto, a ciki, ba sai na sayi kati daban ba, ga ta kuma wat 65 kawai take ci, abin da mai zaman jiran wuta dole ya duba. Sai bod B550, wato babban allon da ake jona komai a kansa, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) biyu masu giga 8 kowanne, da SSD na ajiyar fayiloli irin siririn nan da ake kwantarwa a jikin bod. Wani abokina ne ya saya min a Computer Village da ke Ikeja ya sako a mota, na je Kwangila na karɓa da sassafe ina rungume da kwali kamar an ba ni jariri. Kwana biyu ina buɗe kwalin ina kallo ina mayarwa.

Abu biyu suka rage, kesin, wato akwatin da ake zuba kayan a ciki, da fawa fak mai karɓar wutar bango ya rarraba musu, kuɗi kuma ya kusa ƙarewa. A nan shaiɗan ya samu ƙofa.

Na shiga Sabon Gari, wani shago da ke sayar da kayan kwamfuta na hannu, irin waɗanda ake kwasowa daga ofisoshin ƙasashen waje. Na ga wani baƙin kesin mai kauri, ba ko lotsawa, da fawa fak ɗinsa a ciki. Mai shagon ya buga shi da tafin hannu ya ce, "Oga, wannan daga Amurka ya zo kai tsaye, ko buɗe shi ba mu yi ba. Irin wannan ƙarfen yanzu ba a yi." Kuɗin da ya faɗa, na biyun gaba ɗaya, bai kai rabin kuɗin sabon fawa fak kaɗai ba. Na yi lissafi a tsaye, na ga zan rage dubu goma sha biyar in ƙara in sayi maunita mai ɗan faɗi. Kalmar nan "ko buɗe shi ba mu yi ba", ni a lokacin yabo na ji. Ashe gargaɗi ne Allah ya sa a bakinsa, kunnena ne bai ɗauka ba.

Haɗawar kanta ba ta ba ni wahala ba, kuma ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Wanda ya iya ɗaura silin fanka zai iya. Na shimfiɗa bod a kan kwalinsa, na daidaita ɗan alamar kusurwa uku ta furosesa da ta soket ɗinta, wato mazauninta a jikin bod, ta faɗa da kanta ba dannawa. Ram na sa a rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin bod ya ce. Da yake hunturu ne, lokacin da ko bargo ka ja sai ya yi maka tartsatsi, na cire rigar sanyi, na tsaya a kan siminti ba takalmi, kowane minti ina taɓa ƙarfen kesin. Ƙanena da ke riƙe min tocila har dariya yake yi, ya ce, "Yaya, tiyata kake yi ne?" Na ƙirga ƙananan ƙafafun tagullar da bod ke zama a kai har sau uku, don kada ɗaya ya taɓa inda bai kamata ba. Duk wani tarkon da aka ce sabon shiga na faɗawa, na tsallake shi, ina ta yaba wa kaina.

Da na zo jonawa sai na ga wayar da ta zo da kesin ba ta shiga soket ɗinmu. Bakinta irin na Amurka ne, ƙarafa biyu masu faɗi da ɗaya zagayayye. Wannan shi ne karo na biyu da aka yi min magana ban ji ba. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa: idan bakin waya na can ne, cikin fa? Ni kuwa sai na jefar da ita gefe, na zaro wata mai baki uku daga tsohuwar firinta, na soka, na ce bismillah, na danna.

Ƙarar kamar an fasa tayar babur. Wani shuɗin haske ya fito ta bayan kesin, sai farin hayaƙi, sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Ƙanena ya saki tocila ya yi waje. Daga tsakar gida na ji Umma tana salati tana cewa, "Kai! Me ya fashe? Kowa lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Umma, ba komai." Ina zaune a ƙasa cikin duhu, ina shaƙar warin adashina.

Ranar Litinin na ɗaure kesin a bayan babur na nufi unguwar PZ, wurin wani dattijo da ya fara da gyaran rediyo da talabijin tun kafin a haife ni, daga baya ya koma kwamfuta. Ban gama bayani ba ya juya kesin, ya gyara tabarau, ya sa farcensa a kan wani ɗan jan abu kusa da inda waya ke shiga. Girmansa bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. A jikinsa an rubuta 115.

"Ɗana, ka ga wannan kafin ka jona?"

Na ce, "Baba, na gan shi, na zaci ado ne."

Ya sa bakin sukudireba ya tura shi gefe, ƙas, sai 230 ta bayyana. Ya ce, "Shi ke nan aikin da ya gagare ka."

Bayanin da ya yi min a tsaye, ga shi yadda na fahimce shi. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230. Tsofaffin fawa fak da masu araha suna da wannan jan maɓallin don a gaya musu wace ƙasa suke. Idan yana kan 115, na'urar tana ninka wutar da ta shigo sau biyu kafin ta tara ta a manyan kafasita guda biyu da ke ciki. To ni na ba ta 230, ita kuma ta yi biyayya ta ninka. Abin da ya sauka a kan kafasitan nan su biyu a haɗe ya haura bolt 600, alhali kowanne an yi shi ne don 200. Ya buɗe ya nuna min: ɗaya ya kumbura ya tsage ta sama kamar gurasar da ta sha wuta, fiyus ya yi baƙi ƙirin. Na miƙa hannu zan taɓa, ya buge min yatsa. Ya ce ko an cire waya waɗannan abubuwan suna iya riƙe wutar da za ta jefar da mutum, kada in kuskura in buɗe fawa fak a gida, mai rai ko matacce.

Ya ce sau da yawa fawa fak ɗin kaɗai ke tafiya, ya bar sauran kaya lafiya. Na riƙe wannan maganar kamar igiya. Ya kawo nasa mai kyau ya jona wa bod ɗina. Ko fanka ba ta motsa ba. Ya auna nan ya auna can da mita, ya cire ram ya mayar, ya girgiza kai. Bod ɗin da ko sau ɗaya bai nuna min hoto ba ya riga mu gidan gaskiya. Garin neman gira na rasa ido: na rage dubu goma sha biyar, na binne abin da ya ninka ta sau da yawa.

Na koma wurin mai shagon, ba don ina sa ran komai ba, zuciya ce kawai. Ya ce ai kowa ya san ana duba wannan maɓallin. Na ce to da ka san kowa ya sani, me ya hana ka tura shi kafin ka jera kaya a shago a Zariya, inda babu soket ɗaya mai 115? Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Ban musa ƙaddara ba. Amma har gobe ina ganin rabin laifin nasa ne, kuma tun ranar ko kebul ban sake saye a wurinsa ba.

Wani abin kuma ya so ya ƙara min zafi. Da na dawo gida zan cire furosesa daga mataccen bod, raina a ɓace, sai na kwance fankarta na fizgo sama. Man ɗauke zafi da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka ya riga ya kama, furosesar ta biyo fanka ta fito da ƙarfi alhali soket na kulle. Irin wannan furosesar ta AM4 alluranta a jikinta suke, guda 1,331, sirara kamar gashi. Na duba a hasken taga na ga biyu a gefe sun kwanta. Awa ɗaya da rabi na yi a kansu, da fensir mai matsawa da na zare bakinsa, ina saka kowace allura a cikin ramin ina ɗagowa kaɗan-kaɗan, ina bi da tsohon katin ATM tsakanin layuka don in ga sun daidaita. Numfashi ma a hankali nake yi. Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in murɗa fankar hagu da dama har man ya saki, sannan in ɗaga. Allah ya rufa asiri, ba wadda ta karye.

Sai da na yi aikin biki huɗu a kan tsohuwar laftof kafin na iya sayen wani bod, wannan karon B450 na hannu. Na sa mai sayarwa ya sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin bod wadda ke tayar da kwamfuta, a gabana, domin irinsa ba ya gane 5600G sai an yi haka. Fawa fak kuwa sabo fil na saya, wat 550, ban nemi ragin ko sisi ba. Abu na farko da na yi, tun a shago, na juya bayansa. Babu jan maɓalli. A jikin takardarsa an rubuta 100 zuwa 240, wato da kansa yake gane wutar da aka ba shi. Mai neman shawarata, wannan ita ce: a matse ko'ina a kasafin, a sayi ram ɗaya yau a ƙaro ɗaya gobe, a yi haƙuri da ƙaramin maunita, amma ban da fawa fak. Shi kaɗai ne idan zai mutu yake iya jan na kusa da shi.

Ranar da kwamfutar ta tashi, sunan bod ya bayyana a maunita, ban yi ihu ba. Na zauna ina kallon fankar tana juyawa kusan minti biyar. Bidiyon da laftof ke kwana a kansa, yanzu kafin in gama shan shayi ya fita. Sai bayan wata biyu ma na gano ram ɗina mai gudun 3200 yana tafiya ne a ƙasa da haka, saboda ban kunna XMP, saitin da ke ba ram cikakken gudunsa, a BIOS ba. Wannan kam dariya na yi, kuskuren da ba ya hayaƙi ai ɗan'uwa ne.

Kula da ita a garin nan yaƙi biyu ne, wuta da ƙura. Ta bangaren wuta na zama matsoraci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sitabilaiza ce farko, sai UPS mai batirin riƙe wuta idan an ɗauke, sannan kwamfuta. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba na kunnawa nan take, sai na ga ƙwan ɗaki ya tsaya da rawa. Da damina ina jin tsawa nake zare waya daga bango gaba ɗaya. Na kuma kira mai wayarin ya duba gidan, saboda kesin yana ɗan cizona idan na taɓa ba takalmi. Ashe wayar ƙasa ta soket ɗin ɗakina ba a haɗa ta da komai ba tun gina gidan.

Ƙura kuwa, wanda bai buɗe kwamfuta a Zariya a ƙarshen Janairu ba bai san ta ba. Mako shida kawai, fukafukan fanka sun yi ja kamar an barbaɗa musu garin bulo. Na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a tebur, na sa fanka biyu masu jawo iska ta gaba inda akwai raga, ɗaya mai fitarwa ta baya, don kada ƙura ta riƙa shigowa ta kowace kafa. Duk wata a hunturu ina fitar da ita tsakar gida in hure da bulowa, ina riƙe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Wannan furosesar iyakarta digiri 95, kuma a zafin Afrilu, idan raga ta toshe, za ka ga lambar tana hawa kana kallo.

Matacciyar fawa fak ɗin tana nan a kan kantar ɗakina, ban yar ba. Makon jiya wani abokin ƙanena, ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kawo wata kwamfuta ta hannu da ya sayo don aikin zanensa, ya ce in taya shi sa mata Windows. Yana ƙoƙarin miƙa min waya, na ture hannunsa na juya kesin. Ga shi nan, ja, yana kallona, 115. Na tura shi da makullin babur, na ɗauko tawa daga kanta na ajiye masa a cinya ya ga tsagar. Da muka zo jonawa Umma tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗauki faranti da rariyarta ta koma can bakin zaure, ta ce mu gaya mata idan mun gama.