Muryar Gizo ta zauna, bayan wata biyu

'Yan'uwa masu koyon tatsuniya, daren jiya dai Allah Ya yi, muryar Gizo ta zauna a bakina. Wata biyu cur ina fama da ita.

Har yanzu ina kan Gizo da hankaki, wadda suka tara masa gashin fiffike ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, daga baya ya faɗa gidan kada. Muryar kada ba wuya, ka saukar da ita cikin maƙogwaro, shi ke nan. Tsamin bakin Gizo ne ya hana ni sakat. Da farko duk "s" sai in mayar da ita "sh", duk "r" ta koma "y", ban bar ko ɗaya ba. Yaran gidanmu suka yi ta kallona zuru, ƙaramar ta ce, "Kawu, me ya ce?" Na ɗora laifin a kan waya, wai ba ta ɗaukar sauti da kyau in na saurari kaina, na je na zuba naira 18,000 a kan makirfo. Kuɗin nan har yau yana yi mini ciwo, don abin da ya ƙara kawai shi ne na ji shirmena tar.

Goggo ce ta warware mini, tana ɓarar gyaɗa ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, ka mai da shi wawa. Gizo mai wayo ne. Ka laƙaba tsamin a inda zai marairaice ko zai shirga ƙarya, sauran ka sake shi."

Haka na yi jiya. Da na zo inda duk ɓauren da hankaka ya nufa Gizo ke cewa shi ya fara gani, yara suka fashe da dariya. Da hankakin suka tsige gashinsu suka bar shi a kan bishiya, ƙaramar nan ta ce, "Maganinsa ke nan, makwaɗaici!" Ɗan wa'azin da na saba liƙawa bayan ƙurunƙus ma ban yi shi ba, ta riga ni.

Saura gidan kada. Da Gizo ya cinye ƙwayayen masu masaukinsa ya tsira, maimakon su ga laifinsa, yaran maza tafi suka yi masa, har da "Gizo namu!" Wanda ya san yadda ake bi da wurin nan ya taimake ni kafin daren Juma'a.