Daren da muka kwana a kufan Surame

Turawan da muke gani a YouTube suna yawo da tocila cikin tsofaffin gidaje, mamata suke nema. Sun ɗauka wanda aka kashe a wuri yana nan yana kewaya shi. Mu a Sakkwato ba a kan haka muka tashi ba. Wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa yawo. Aljanu kuwa gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, har sura guda aka saukar da sunansu, kuma tun muna yara ake gaya mana cewa kufai da kogon kuka da gindin tsamiya su ne mazauninsu. Don haka da ni da abokaina biyu muka yanke shawarar kwana a Surame, ba ruhin Kanta, sarkin da ya gina ta, muka je nema ba. So muke mu ji da kunnenmu abin da mutanen ƙauyukan wajen suke cewa ana ji da dare: kiɗan ganga, haniniyar dawaki, da muryoyi a cikin ganuwa.

Surame tana cikin ƙaramar hukumar Binji. Muhammadu Kanta ne ya gina ta a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai a wajajen 1516 ya kafa daular Kabi. An bar birnin a farkon ƙarni na 18, sarauta ta koma Birnin Kabi. Abin da ya bambanta ta da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarta ta dutse ce, ba jar ƙasa zalla ba, shi ya sa har yau wasu sassanta suna tsaye cikin ƙaya da sabara. Gwamnatin tarayya ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Mun je ne cikin hunturu, kafin matsalar 'yan bindiga ta yi tsanani a wannan yankin.

Ba mu shiga kai tsaye ba. Mun fara zuwa wurin mai gari muka faɗi muka yi gaisuwa, muka gaya masa abin da ke tafe da mu. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya haɗa mu da wani dattijo maharbi wanda ya san dajin. Dattijon ya dubi jakar da muka ɗauko ya ce, "Samari, mi ag ga cikin wanga kaya?" Na ce, "Baba, rikoda ce da kyamara, da wata na'ura mai nuna ƙarfin lantarki a iska." Ya ce to, amma sharaɗinsa uku ne: a yi sallama kafin a shiga, kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba da bisimilla ba, kuma kada wanda ya ɗauki ko tsakuwa ɗaya ya fita da ita. Da muka sauka a inda za mu kwana, shi ya fara karanta addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar ga wanda ya sauka a masauki, ta neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga sharrin abin da Ya halitta. Muka bi shi.

Na'urar lantarkin ba ta amfana mana komai ba. Duk sanda allurarta ta motsa, sai mu tarar waya ce a aljihun wani take neman sabis. Da muka kashe wayoyin, ta kwanta har asuba. Hotunan da muka ɗauka da filasha sun fito da ƙwallaye farare-farare, irin waɗanda ake nunawa a intanet a ce rayuka ne. Ƙurar hunturu ce da ke kusa da gilashin kyamara, haske ya doke ta. A watan Janairu ko a tsakar gidanku ka ɗauki hoto da filasha za ka same su.

Rikodar ce ta fi ba mu aiki. Irin waɗannan ƙananan rikodoji, idan wuri ya yi tsit, da kansu suke ƙara ƙarfin ɗaukar sauti, sai shuuu ɗin iska da motsin ganye su cika kunne. A cikin wannan shuuu ɗin abokina ya rantse ya ji an ce "ku tashi". Na saurara, ni ma na ji. Daga baya a gida na ba ƙanwata ta saurara ba tare da na gaya mata komai ba, ta ce iska kawai take ji. Da na ce mata ga abin da ake cewa an faɗa, nan take ita ma ta ji shi. Tun daga nan duk wanda ya turo mini sauti ya rubuta a ƙasa abin da wai aljanin ya ce, ba na karanta rubutun sai na gama saurare.

Kiɗan kam mun ji shi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ya taso, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin ganuwar yake fitowa, ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Jikina ya yi sanyi, tsikar jikina ta tashi, bakina bai bar Ayatul Kursiyyu ba. Baba maharbi yana kishingiɗe, ya karkata kunne ya ce, "Buki a kai gabas da mu, ɗiyar wani a ka kaiwa." Da safe muka tambaya, haka ne, a wani ƙauye mai nisan da da rana ko harbin bindiga ba lallai a ji ba. Da dare ƙasa tana hucewa, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi sama ya ɓace, ya yi tafiya mai nisa. Idan ya zo ya bugi ganuwar dutse ya dawo, ba ka iya cewa ga inda ya fito. Ƙarar da ta fi firgita mu kuwa, wadda ta yi kama da ihun mace, farar mujiya ce da ke cikin kogon wata kuka. Kukokin ma ba banza suka yawaita a kufai ba. Mutanen da suka zauna a wurin ne suka bar su saboda miya da igiya, birni ya mutu, su suka rage, jemagu da zuma da macizai suka tare a cikinsu.

Ban dawo ina cewa babu aljanu a Surame ba. Ban gan su ba, kuma Alƙur'ani ya riga ya gaya mana suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, to ina na'urar batir za ta kamo su? Abin da na dawo da shi daga bakin dattijon nan ya fito, a hirar da muka yi a bakin wuta tsakanin kiɗan da asuba. Duk labarin iska da ya ba mu, idan ka bi shi, tarihi ne a ciki. Ya nuna mana inda ake cewa ana jin kukan raƙuma, ya ce nan ne Kanta ya sa Azbinawa su riƙa jido ruwan gini a kan raƙumansu. Ya ba mu labarin Nufawa da suka makara zuwa aikin gayya, aka ce su kwaɓa nasu rabon da man kaɗe. Ko haka aka yi ko ba haka aka yi ba, a cikin waɗannan labaran ne mutanen wurin suka adana girman Kabi da irin ƙasashen da ta mallaka. Tsoron aljanun wurin kuma shi ya hana a kwashe duwatsun a yi harsashin ɗaki tsawon shekaru kusan 300. Yanzu da tsoron yake raguwa a zukatan matasa, ba a kuma sa wani mai gadi a madadinsa ba, abin yana damuna ƙwarai.

Bayan Surame abokaina sun matsa mu je Satiru, kudu da Sakkwato, mu kwana. A can ne a watan Fabrairu na 1906 talakawa da bayi da suka gudo, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, suka fatattaki rundunar Turawa suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, aka kashe mutanen da masana tarihi suke ƙiyasta sun kai 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Na yarda mu je, amma da rana, kuma ba da rikoda ba. Filin da aka zubar da jinin Musulmi haka maƙabarta ce, abin da ya kamace ta sallama da addu'a. Haka nake gani game da filin Giginya, inda aka gwabza da Turawa a ranar 15 ga Maris 1903, balle Hubbaren Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello a Wurno. Duk wanda ya shiga irin waɗannan wurare yana ihun "ko akwai wani a nan?" don ya samu mabiya a TikTok, ya ci mutuncin na kwance da na raye.

Masu tambayata yadda za su yi irin wannan tafiya, abu na farko da nake gaya musu shi ne yanzu ba lokacin kwana a daji ba ne a Binji ko Tangaza ko gabashin jiha. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, tana wajen Sabon Birni, na daɗe ina son zuwa, amma hanyar ba ta biyuwa sai Allah Ya kawo sauƙi. Wanda ya matsu ya fara da gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari, ya karanta abin da aka rubuta game da wurin. In hali ya yi, ya je da rana, ya bi ta hannun mai gari, ya sa takalmi mai rufi saboda kububuwa da kunama, ya riƙe goro da ɗan abin hasafi na wanda zai raka shi.

Rikodar tana nan ina aiki da ita. Tsofaffi nake bi da ita a Sifawa da Wurno da unguwannin cikin gari irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, ina tambayarsu me ake cewa ana gani a wuri kaza, kuma wa ya gaya musu. Baba maharbin Surame ya rasu kafin in koma in ɗauki muryarsa yadda ya kamata, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa ya ce mini ya riƙe wasu daga cikin labaran, mun yi alkawari zai shigo Sakkwato bayan girbi mu zauna.