Inda na tsaya da gyaran na'urar ƙulli ta tsohon injin ɗaure ciyawa

'Yan uwa masu koyon wannan aiki, ga halin da ake ciki. Injin dai yana ɗaukar ciyawa lafiya, yana danna ta cikin akwati yadda ya kamata, amma dami yana faɗowa a warware, wani lokaci ta gefe ɗaya, wani lokaci duka biyun. Matsalar tana kan na'urar ƙulli guda biyu da ke saman akwatin.

Kafin komai, a kashe tarakta, a zare makulli, a cire sandar da ke juya injin. Da hannu ake juya fulawil ɗin gaba, wato babban ƙarfen nan zagayayye mai nauyi da ke gaban injin. Sai a ja hannun da ke bin ƙafar nan mai haƙora da ke auna tsawon dami, domin na'urar ta kama aiki, a sa wani ya riƙa juyawa a hankali kai kuma kana kallo. Idan tarakta na ba injin juyi 540 a minti ɗaya, ƙullin yana kammala kafin ka ƙifta ido. Da hannu kuwa za ka ga allurar injin ta taso da igiya daga ƙarƙashin akwati, faifai mai tsagi da ke riƙe bakin igiya ya cafke ta tare da wadda yake riƙe da ita tun farko, ƙarfen nan mai kama da bakin tsuntsu ya juya ya buɗe ya kama igiyoyin biyu, wuƙa ta yanke, sannan hannun wuƙar ya share ƙullin daga bakin. Wannan tsari wani Ba'amurke ne mai suna John Appleby ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1870 don injin ɗaure alkama, kuma kusan shi ne a kan yawancin tsofaffin injinan New Holland da John Deere da ake sayowa na hannu. Wanda ya gane ɗaya ya kusa gane sauran.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne tattara igiyoyin da suka ƙi ƙulluwa. Kowace na ɗauke ta, na san daga wane gefe ta fito, na duba bakinta biyu kafin na taɓa sifana.

Na'urar hagu tana ba da igiya mai ƙulli a bakin da allura ta kawo, ɗaya bakin kuma babu komai, yankansa santal, ya ɗan baje kamar an danne shi. Wannan yana nufin igiyar ta suɓuce daga faifai tun ana cika damin, kafin lokacin ƙulli ya zo. Da a ce bakin ya yage ne ya yi zare-zare, da sai a ce matsi ya yi yawa har faifan yana tsinka ta. Kun ga alamu biyu masu kama da juna, amma gyaransu kishiyar juna ne, shi ya sa nake roƙon ku kada ku yi gaggawar ɗaure noti. Da na ɗaga maɗannin da ke matse igiya a cikin faifai sai na tarar da ƙura da garin ganye sun haɗu da tsohon giris sun daskare a cikin tsagin faifan, maɗanni bai ma zauna a kan igiya ba. Na kankare, na wanke da dizal, na busa iska. Bayan haka ne na ƙara matsin sifirin maɗannin, kashi ɗaya cikin shida na zagaye, wato daga wannan kusurwa ta noti zuwa ta gaba, na gwada, na sake ƙara haka. Hagu ta daidaita. Tun daga nan ban sa giris a faifan ba, don wurin igiya ne, mai yana sa ta santsi kuma yana tara ƙurar hunturu.

Ta dama ce ta fi cin lokaci. Ita ƙullinta yana kan igiyar da ke kwance a saman dami, wadda allura ta kawo ba ta shiga ƙullin ba sam. Laifin ba a jikin na'urar yake ba. A cikin akwati akwai wasu haƙora masu sifirin da ke tare ciyawa kada ta dawo baya idan fistin da ke danna ta ya ja baya. Na sama a gefen dama sifirinsa ya karye, datti kuma ya cushe a bayansa. Ciyawa na dawowa sai ta ture igiya daga inda ɗan yatsan da ke tura ta zuwa bakin tsuntsu zai same ta. Busasshiyar ciyawar kaka ta fi yin wannan, domin tana da tsalle, ba kamar harawar gyaɗa ba. Na canza sifirin, na kuma matso da ɗan yatsan kusa da allura yadda littafin injin ya nuna.

Wuƙaƙen duka sun dakushe, bakin igiya yana fitowa a tsefe. Na wasa su da dutse. Igiyar roba ba ta yafe wa dakusasshiyar wuƙa yadda igiyar sisal, ta zaren tsiro, ke yafewa. A kuma kula da kauri: wadda aka rubuta 7,200 a jikinta ta fi mai 9,000 kauri, kuma in ka sauya daga wannan zuwa waccan sai ka sake duba matsin faifai. Ni na tsaya a kan iri ɗaya, na haɗa ƙwallayen igiyar da ƙaramin ƙulli mai kwanciya da zai wuce idon allura.

Abin da ya rage yana damuna har yanzu. Jefi-jefi ƙullin dama yana maƙalewa a bakin tsuntsu, na gaba ya hau kansa, igiya ta tsinke. Na goge tsatsar bakin da sanfefa mai laushi har ya yi sheƙi, na ɗan sassauta matsin harshensa, abin ya ragu amma bai tafi ba. Da na juya da hannu na lura hannun wuƙar ba ya gogar bayan bakin, akwai rata tsakaninsu. Ya kamata ya shafe shi da ɗan ƙarfi, ya kuma wuce tsinin bakin da kusan santimita 1. Ana iya lanƙwasa hannun kaɗan, amma ɗan rolan da yake tafiya a kansa ya sha ci ta gefe ɗaya, kuma lanƙwasa a kan rola da ya ci ɓata ƙarfe ne kawai. Na ba da oda a kawo sabon rola da sabuwar wuƙa.

Kafin su iso ina aiki da injin a hankali, da matsin akwati sassauce, wani yaro yana bin baya yana ɗaure wanda ya warware. Da zarar an sa rolan zan auna ratar, sannan na duba lokacin shigar allura da fistin da ƙarfen tsaro da ke tare fistin in allura ta makara a cikin akwati, don sarƙar da ke juya na'urar ƙulli ta yi sako-sako kuma allura tana da tsada da wuyar samu.