Gonar da na gani a bakin Tekun Galili

Tun ina yaro akwai misali ɗaya na Yesu da ya ƙi zauna mini, wato misalin mai shuka. Mu a ƙasar Malumfashi ba haka muke shuka ba. Mai sungumi yana gaba yana sara, mai iri yana biye, ya ɗebi gero da yatsu uku, ya jefa a rami, ya rufe da diddige. Ranar da mahaifina ya kama ni na zubar da iri a kan turba, ranƙwashin da na sha har yau ban manta ba. To wane irin manomi ne wannan da zai fita yana watsar da iri a hanya, a kan dutse, a cikin ƙaya? Na girma, na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, ikilisiya ta damƙa mini ajin manya na makarantar Lahadi, na koyar da misalin nan ya fi a ƙirga, amma can ƙasan zuciyata almubazzari nake ɗaukar mutumin.

'Ya'yana ne suka yi karo-karo suka biya mini kuɗin ziyarar Isra'ila, tun kafin zuwan korona. A watan Maris muka tashi, bazara ta fara gashi. Funtuwa, Zariya, Kaduna, Abuja, sannan kwana biyu muna zaman jiran jirgi, wanda ba zan ɓata takarda a kansa ba. Mun sauka kusa da Tel Abib da asuba, aka zuba mu a bas aka nufi arewa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai kore ne. Na baro gida ƙasa ta bushe ƙamas, shanu na cin kara, sai ga duwatsu lulluɓe da ciyawa da furanni ja da rawaya. Jagoranmu, wani Balarabe Kirista mutumin Nazarat, ya ce su daminarsu da sanyinsu tare suke zuwa, ruwa ya fara wajen Oktoba ko Nuwamba ya ɗauke wajen Afrilu. Da Turanci yake magana, wani matashin fasto a cikinmu yana juya mana da Hausa. Amma in ya yi waya da mutanensa da Larabci, sai ka ga dattawanmu sun kasa kunne, don kalmomi na ta faɗowa irin namu.

Muna gangarawa Tibariya kunnena ya toshe. Tekun Galili na kwance ne mita 200 da 'yan kai ƙasa da bakin babban teku. Da muka hango shi, wani ɗan'uwa mutumin Yawuri ya kwashe da dariya, ya ce, “Wannan ne tekun? Ai tafkin Kainji ya haɗiye shi bai sha ruwa ba.” Gaskiyarsa. Tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa 13, kana wannan gaɓa kana kallon waccan. Luka ma tafki ya kira shi. Da rana aka kawo mana abin da suke kira kifin Bitrus, aka yi ta ɗaukarsa hoto. Karfasa ce.

Washegari muka hau tudun da ake cewa a nan Yesu ya yi Huɗuba a kan Dutse. Cocin da ke kai an gama shi a 1938, wani Ɗan Italiya mai suna Antonio Barluzzi ne ya zana shi, kusurwa takwas, kowace na tsaye a madadin ɗaya daga albarkun nan takwas na farkon Matiyu 5. Wasu sistoci ne ke kula da wurin, kuma ba sa son hayaniya. Mu kuwa da mun taru sai waƙa. Matan zumunta suna ɗaga murya wata sista ta ɗora yatsa a baki, aka koma ƙasa-ƙasa, kowa na kunyar kowa.

Muka samu inuwa a lambu, aka ce a karanta huɗubar duka, sura 5 zuwa 7. Ni aka ba. Saboda tsohuwar al'adar malamin makaranta na duba agogo kafin in fara, na kuma duba da na gama. Aya 111, ba su kai minti 20 ba. Na tuna wa'azin da na taɓa yi na awa ɗaya da kwata a kan aya biyu, har yara suka yi barci, mata suka fara leƙen ƙofa saboda tuwon rana. Ban gaya wa kowa wannan ba a lokacin.

Gardama ta ɗan tashi tsakanin matashin faston da wani dattijon rabaran. Matiyu ya ce dutse Yesu ya hau, Luka a sura 6 ya ce a fili ya tsaya, kuma albarkun Luka huɗu ne, da kaito huɗu a bayansu. Matashin yana ta ƙoƙarin nemo wani sarari a gefen tudun da zai sulhunta su biyun. Rabaran ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Ɗana, ka taɓa fita bishara ƙauye-ƙauye? Wa'azin da ka yi a kasuwar Laraba shi za ka yi a ta Juma'a, ka ƙara nan ka rage can.” Ni dai ina bayan Baba Rabaran. Mutumin da ya yi ta zaga garuruwan Galili da ƙafa ba zai faɗi magana irin wannan sau ɗaya ya naɗe ta ba.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu da kowa ke ce wa Inna. Mijinta ya rasu a ɗaya daga rikice-rikicen da aka yi a ƙasarmu, ba ta kuma cika magana ba. Da nake karatu na iso wurin da aka ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, na ji muryata ta yi rauni, don tana zaune daf da ni. Bayan an tashi ta kama hannun rigata ta ce, “Malam, a nan inda iska ke kaɗawa maganar tana da daɗin ji.” Na rasa amsa. Jagoran ne, da aka juya masa abin da ta ce, ya nuna gabas da hannu, ya ce waɗanda suka fara jin maganar ba a lambu suke zaune ba. Ƙasarsu na ƙarƙashin Romawa, ana tatsar haraji a Kafarnahum, soja na iya tsare mutum ya ɗora masa kaya. Daga nan ne maganar nan ta huɗubar ta fito, cewa in an tilasta maka tafiyar mil ɗaya ka yi biyu. Sai wani dattijo ya ce kakansa ya ba shi labarin ɗiban gwamna, lokacin da Turawa ke kwashe mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Inna ta gyaɗa kai kawai. Ba zan ce ta gamsu ba, ban kuma tambaye ta ba.

Bas zai zagaya ta titi ya jira mu a Tabga, amma akwai 'yar turba da ta gangara ta cikin gonaki, masu ƙarfin ƙafa aka ce su bi. Na bi, duk da gwiwata. Wannan gangarar ita ce ta biya mini kuɗin jirgina.

A hagu gonar ayaba ce an lulluɓe ta da raga, abin zamani. Amma a gaba kaɗan sai ga wani fegi a buɗe. Turbar da muke kai ta ratsa gefensa, ƙafa ta daddaɓe ta ta yi tauri kamar daɓe. Taku biyu daga nan baƙin dutse ne ya leƙo daga ƙasa, irin dutsen aman wuta da ya cika yankin, ƙasar da ke kansa ba ta fi kaurin tafin hannu ba. A gindin duwatsun ƙaya ce ta yi kumbu, tsayinta ya kai ƙugu. Sannan a tsakiya ƙasa ce baƙa mai maiƙo, wadda duk manomin da ya gan ta sai ya ji yawu ya tsinke masa. Duka huɗun a wuri ɗaya, in ka tsaya ka wurga hannu sai ka same su gaba ɗaya.

Na tsaya cak. Na tambayi jagoran yadda ake shuka alkama da sha'ir a da. Ya sa hannu a aljihu kamar mai ɗibar iri, ya yi wurgi. Watsi. Yadda mutanen Filato ke watsa acca, yadda ake watsa shinkafa a wasu fadamu. Ni da na san wannan tun fil azal, ban taɓa haɗa shi da misalin mai shuka na Markus 4 ba, don kaina ya cika da sungumi. Ashe mutumin ba almubazzari ba ne. Gonarsa ce haka, kuma wanda ya ce sai ya tsince kowane dutse ya tumɓuke kowace ƙaya kafin ya yi shuka, damina za ta wuce shi yana tsaye. Masu sauraron Yesu ba su tsaya mamakin asarar ba, kullum suna ganinta. Inda za su ɗaga kai shi ne ƙarshen, inda irin da ya faɗa a ƙasa mai kyau ya ba da riɓi 30, riɓi 60, riɓi 100.

Tun da bakina ya buɗe sai na ci gaba da tambaya. Zawan fa, wanda maƙiyi ya shuka cikin alkama a wani misalin na Yesu? Jagoran ya yi murmushi, ya ce ai sunan na Larabci ne, har yau haka manomansu ke kiransa. Ciyawa ce da ba ka raba ta da alkama sai sun fid da kai. Na ce to wannan shibra ce a gonar gero. Duk wanda ya taɓa yin noman farko ya san in ka matsa sai ka cire shibra tun tana ƙarama, da geron za ka haɗa. Shekara da shekaru ina faɗin zawan a aji kamar sunan wani aljani, ban taɓa ce wa mutanena shibra ba.

A Tabga, inda ake tunawa da ciyar da taro da Yesu ya yi da gurasa biyar da kifi biyu, muka ga zanen nan na ƙananan duwatsu a daɓen coci, kifi biyu da kwandon gurasa, aikin ƙarni na 5. Gurasa huɗu ce a kwandon. An ce ta biyar ɗin ita ce wadda ke kan bagade.

Tsakanin Tabga da Kafarnahum akwai wani lungun ruwa da gaɓarsa ta tashi a hankali kamar ƙwarya. A nan ake jin Yesu ya shiga jirgi ya zauna yana koyarwa, taro na tudu. Jagoran ya tura matashin faston bakin ruwa, mu muka hau sama, ya ce ya karanta da muryarsa ta kullum. In mota ta wuce a titi sai maganar ta ɓace, in ta wuce kuma sai ta dawo tar. Baba Rabaran ya ce a gida da janareta ya mutu sai mai wa'azi ya tsaya yana jiran a gyara, kamar Ruhu Mai Tsarki a cikin lasifika yake. Aka yi dariya, har Inna.

Kafarnahum kango ce yanzu. Akwai farar majami'a ta ƙarni na 4 ko na 5 da aka ɗora a kan baƙin harsashi wanda ya girme ta, akwai kuma coci na 1990 da aka ɗaga a kan ginshiƙai bisa wurin da ake cewa gidan Bitrus ne. Mutane suka yi can. Ni gidajen talakawan na tsaya kallo, ƙananan ɗakuna na baƙin dutse a cushe, lungu ƙunci. Bangon ba zai ɗauki bene ba. Itace ake gittawa, a shimfiɗa rassa, a yaɓe da laka. Rufin azara ke nan. Mutum huɗun da suka huda rufi suka zura shanyayye a gaban Yesu, jikokina da suka tashi a gidan kwano suna ɗauka wani abin al'ajabi ne. Duk wanda ya taɓa yaɓen soro kafin damina ya san fartanya ɗaya ta isa, ya kuma san irin ƙasar da ta zubo a kan mutanen da ke ciki, da irin fuskar da mai gidan ya yi.

A tsakar wurin an jera duwatsun niƙa. Inna ta tsaya a gaban wani ƙato wanda sai jaki ke juya shi, ta dafa shi. Ta ce ita duk lokacin da aka karanta cewa gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku da ya sa yaro ƙarami tuntuɓe, ɗan dutsen da take durƙusawa a kansa take gani. Ta dubi dutsen, ta dubi ruwan da ke bayanmu, ta ce, “Ashe ba da wasa ya faɗa ba.”

Sauran kwanakin mun ga jirgin katakon da aka tono daga laka a 1986 lokacin da ruwa ya ja baya, tsawonsa mita 8 da ɗoriya, faci a kan faci. Mun je Kogin Urdun, mun je Baitalami da Urushalima, kuma kowannensu labari ne na wata rana.

Na dawo gida ana sharar gona. Lahadin farko Fasto ya ce tun da na je na gano, bagade nawa ne. Na karanta Markus 4, na ba su labarin turbar da dutsen da ƙayar, na ce musu zawan shibra ce, sai na ji dattawa a layin gaba sun yi “ahaf”. Minti 15 na sauka. A bakin ƙofa wani tsohon abokina ya riƙe hannuna yana duban fuskata, ya ce, “Malam, lafiya kuwa? Ko gajiyar hanya ce ba ta sake ka ba?” Kafin in ba shi amsa matarsa ta matso, tana tambaya ko na taho mata da ruwan Urdun.