Yadda na daidaita ruwan akwatin kifina a Jos

Ruwan rijiyar gidanmu irin wanda sabulu ke kumfa a cikinsa nan take ne, kuma mutum yakan ɗauraye jiki sau biyu yana jin santsi bai tafi ba. Dalilin haka shi ne duwatsun Filato na giranit ne, ba sa sakin sinadarin kalsiyam da kabonet sosai kamar yadda dutsen farar ƙasa ke yi. Wajen wanki wannan alheri ne, amma ga mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi, matsala ce da ban gane girmanta ba sai da na rasa kifayen gupi guda biyar cikin mako ɗaya, a akwati mai cin lita 100 wanda ruwansa yake garau a ido.

Da na gwada ruwan, na tarar ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka daga 6.6 zuwa 5.6. Tazarar tana kama da ƙarama, sai dai saukar kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni tana nufin tsami ya ninka sau 10. Abin da ya fi ba ni haske shi ne gwaji na biyu, wato na KH, wanda ke nuna yawan kabonet da ke tare tsami kafin ya yi tasiri. Ɗigo ɗaya na maganin gwajin ya canza launin ruwan, ma'ana digiri 1 ko ƙasa da haka.

Tsamin daga cikin akwatin yake fitowa. Kifi yana fitar da amoniya, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin filta kuma suna mayar da ita naitiret, kuma a wannan aikin kowane miligiram ɗaya na sinadarin naitirojin da ke cikin amoniyar yana cinye kusan miligiram 7 na kabonet. Idan ruwan tun asali ba shi da ajiya, sai ta ƙare cikin 'yan makonni, pH ya faɗi, bakteriyar kuma ta rage aiki har ta kusa tsayawa idan an kai wajen 6. Daga nan amoniya take taruwa. A ruwa mai tsami tana zama a siffar da ba ta cika cutarwa ba, amma da zarar an ɗaga pH da gaggawa sai wani kaso nata ya koma guba, shi ya sa gyaran garaje yakan kashe kifin da tsamin bai kashe ba.

Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar jefa kanwa, tunda da ita ake kashe tsamin yakuwa a miya. Tunaninsa yana kan hanya, domin kanwa kabonet ce, amma ban yarda a sa ta a akwatin kifi ba: ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, tana ɗauke da gishiri da ƙasa, kuma tana iya cilla pH sama fiye da yadda ake so. Bekin soda ya fi ta aminci saboda ana iya auna shi. Giram 3 a lita 100 yana ƙara KH da kusan digiri 1. Ni a bokitin sabon ruwa nake narkar da shi, ba na zubawa kai tsaye a kan kifi.

Abin da ya zame mini dogaro na dindindin shi ne niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa. Na wanke cikin tafin hannu biyu, na ɗaure a ƙyallen raga, na sa a cikin filta. Kyawunsa shi ne yana narkewa gwargwadon tsamin ruwan: idan tsami ya ƙaru ya narke da sauri, idan ya ragu ya lafa, kuma yana ba da kalsiyam wanda soda ba ta bayarwa. Cikin makonni uku KH ya tsaya a digiri 3 zuwa 4, pH kuma bai ƙara barin tsakanin 6.8 da 7 ba.

Na kuma daina jayayya da ruwan da Allah Ya ba ni. Gupi da kifayen Tafkin Malawi, inda pH ke kai wa wajen 8, ruwa mai yawan ma'adinai suke so. Na koma ga kiribensis, wanda asalinsa rafukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, da 'yan tetira na Kogin Negro na Burazil, waɗanda suka saba da ruwan da ya fi nawa tsami. Duk ranar Asabar ina canza lita 20, ina gwada KH kafin in duba pH, kuma ina yin gwajin da safe kullum, domin tsirran cikin akwatin suna sa lambar pH ta sauka da dare ta hau da rana. A watan jiya uwar kiribensis ta fito da 'ya'yanta daga cikin ɓawon kwakwar da na kifa mata a kusurwa.